Tambayoyinku Kan Wasannin Bidiyo: Sa'o'in Farko a Gidan Baker

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kan wasa ɗaya ne, wato Resident Evil 7, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a watan Janairun 2017. Wasan ba sabo ba ne, amma da yake yanzu ne na'urar wasa ta PlayStation 4 (PS4) ta hannu ke shiga gidaje da dama a Kano, mutane da yawa yanzu suke fara taɓa shi. Mun zaɓi wasu daga cikin tambayoyin, kuma za mu tsaya kan farkon wasan kawai don kada mu ɓata wa kowa labari.

Tambaya, daga wani mai karatu a Gwammaja: Abokaina sun ce mini wasan harbi ne, na sayi kaset ɗin. Na yi kusan awa guda ina yawo a wani kangon gida, ina buɗe durowa, ban harbi komai ba. Ko dai ba shi aka ba ni ba?

Amsa: Malam, shi ne aka ba ka, abokanka ne suka ba ka bayanin da bai cika ba. Akwai bindiga a wasan, amma ba a kan bindiga aka gina shi ba. Kai ne Ethan Winters, mutum farar hula wanda bai san aikin soja ba. Matarsa Mia ta ɓace shekara uku, sai ga saƙo daga gare ta cewa tana wani wuri da ake kira Dulvey a jihar Luwiziyana ta Amurka. Da idonsa kake ganin komai, ba ka ganin jikinsa sai hannuwa. Wannan awa ta farko da ta gundure ka, da gangan aka yi ta haka. So ake ka saba da ƙarar katako a ƙarƙashin ƙafarka, da ƙwari a kan tukunyar ruɓaɓɓen abinci, da yadda tocila ke haska gabanka kaɗai ta bar gefe da gefe cikin duhu. Idan kunnenka ya saba da shirun gidan, ƙaramin motsi ma sai ya tayar maka da tsigar jiki.

A wannan gidan na farko za ka tsinci kaset ɗin bidiyo irin na da. Kada ka wuce shi. Ka saka shi a na'urar da ke kusa da talabijin, za ka ga ka koma cikin abin da aka ɗauka, kana riƙe da kyamarar wasu masu shirin talabijin da suka shiga gidan kafin kai. A cikin wannan kaset ɗin ne za ka ga inda ake jan wani ƙarfe a cikin murhun ɗumama ɗaki, ƙofar sirri ta buɗe. A ganinmu wannan yana cikin dabarun da suka fi kyau a wasan: ba a rubuto maka bayani ka karanta ba, an sa ka rayu cikin abin da ya sami wasu, sannan an maido ka ɗakin kai kaɗai, ka san abin da ke bayan bangon, kuma dole ka shiga.

Ka daure har ka gamu da Mia a ƙasan gidan, sannan ka kai wurin da iyalan Baker suka ɗaure ka a teburin cin abinci: Jack maigidan, matarsa Marguerite, ɗansu Lucas, da wata tsohuwa a keken guragu da ba ta cewa uffan. Daga nan ne za ka iya yanke hukunci ko wasan naka ne. Kuma ka riƙa karanta takardun da kake tsinta, ka duba hotunan da ke jikin bango. Nan za ka gane cewa mutanen gidan nan a da mutanen kirki ne masu karɓar baƙi, wani abu ne ya same su. Wanda ya yi ta gudu bai karanta komai ba, dodanni kawai zai gani, rabin wasan ya wuce shi.

Abu biyu za ka gyara kafin ka ci gaba. Na farko, iyafis. Ka maƙala shi a hannun PS4 ɗin, ka shiga saitin na'ura wajen Devices, sai Audio Devices, ka mayar da Output to Headphones zuwa All Audio. Da lasifikar talabijin, ga ƙarar fanka ga janaretan maƙwabta, ba za ka ji ta wane ɓangare takun ƙafa ke zuwa ba, alhali da shi ake tsira. Na biyu, haske. Da yawa suna ƙure hasken allo don su rage tsoro, sai baƙi ya koma toka-toka, komai ya dishe. Ka bi ma'aunin da wasan ke nunawa a farko, ka tsaya inda alamar ke gab da ɓacewa.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Rijiyar Zaki: Wannan tsohon, Jack, ya hana ni sakat. Na juye masa duk harsasaina ya faɗi, bayan ɗan lokaci sai ga shi ya taso. Yanzu ba ni da harsashi, ba magani. In sake daga farko ne?

Amsa: Ƙanena, ba sai ka sake ba, amma ka daina harbinsa. Muddin yana yawo yana nemanka a cikin gidan, Jack ba ya mutuwa. Harbi yana kwantar da shi na ɗan lokaci ne kawai, duk harsashin da ka sa masa a wannan hali ya tafi a banza. Wurare ƙalilan ne wasan ke kulle ka da shi ya tilasta maka faɗa, kamar gareji da kuma ɗakin ajiye gawa a ƙasan gida. In ba a nan ba, gudu da ɓuya ne aikinka.

Bayan ka kuɓuta daga tebur, akwai makulli a kan ɗan teburi a ƙarshen baranda. Shi ke buɗe murfin da ke daɓen ɗakin ajiyar kayan abinci, ka bi ta ƙarƙashin gida ka ɓulla ɗakin wanki. Wannan ɗakin shi ne mafakarka ta farko. Za ka ji kiɗan ya sauya ya yi sanyi, za ka ga rikoda a kan tebur da koren akwati. Abokan gaba ba sa shiga irin wannan ɗakin. A rikodar ake adana wasa, akwatin kuma duk abin da ka zuba a ciki za ka same shi a kowane koren akwati na wasan. A gareji kuwa, kada ka tsaya musayar wuta. Ka ɗauki bindigar ɗan sandan da ya zo gidan, ka ɗauko makullin mota a kan teburin kayan aiki, ka shiga motar kafin Jack ya riga ka, ka yi ta take shi da ita.

Maɓallin da sababbin 'yan wasa suka fi mantawa da shi shi ne L1. Idan ka danna shi Ethan yana ɗaga hannuwa ya kare fuska, kuma yana rage illar duka sosai. Idan ka ga ba makawa sai an doke ka, gara ka tsaya ka kare da ka juya baya a lokacin. Na biyu shi ne juyawa da sauri: ka ja sandar hagu baya ka danna da'ira, nan take ka fuskanci bayanka. Lafiyarka kuma tana jikin agogon da ke hannun Ethan, kore lafiya lau, rawaya an taɓa ka, ja kana bakin mutuwa. Kada ka sha magani kana kan rawaya sai in babban faɗa ne a gabanka.

Batun ƙarancin kaya, ga yadda lissafin yake. Akwai wani ruwan sinadari da kake tsinta a leda. Idan ka haɗa shi da ganyen magani, ka sami kwalbar magani. Idan ka haɗa shi da albarushi, ka sami harsasan ƙaramar bindiga. Ruwan ɗaya ne, kuma ba shi da yawa, saboda haka duk leda ɗaya zaɓi ce tsakanin lafiya da harsashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗawa da zarar an tsinta. Ka bar su a rabe a akwati har sai ka ga abin da ka fi buƙata. Akwai kuma mai ƙarfinsa, wanda ke ba da magani mai cika lafiya ko harsashi mai ƙarfi, shi ka adana wa manyan faɗa. Ganye zalla ma ana ci, amma abin da yake ƙarawa kaɗan ne. Harsasan doguwar bindiga kuwa ba a haɗa su, sai dai a tsinta, don haka kada ka ɓarar da su a kan abin da wuƙa za ta iya. Akwatunan katako da wuƙa ake fasa su.

Ita doguwar bindigar tana hannun wani mutum-mutumi a ɗakin da ke jikin babban falo. Idan ka ɗauke ta ƙofa za ta rufe, sai ka mayar. Dabarar ita ce ka samo makulli mai siffar kunama a ƙasan gida, ka buɗe ɗakin tsohuwar nan a bene, ka ɗauko karyayyar bindiga ka musanya. Ka yi wannan kafin ka nutsa can cikin ƙasan gidan, domin a can ne wasu baƙaƙen halittu na fumfuna suke fitowa daga bango. Su a kai ake harbinsu, kuma ba su iya buɗe ƙofa ba. Sau da yawa rufe ƙofa a bayanka ya fi harsashi biyar amfani.

Babban burinka a gidan shi ne kawunan kare guda uku da ake jerawa a ƙofar fita. Idan ka fita tsakar gida za ka ga wata tirela, a ciki akwai kejin tsuntsu uku da ake buɗewa da tsofaffin sulallan da kake tsinta: sulalla 3 allurar ƙara lafiya, 5 allurar saurin ɗura harsashi, 9 babbar bindiga. Shawararmu ga mai wasan farko, ka fara da ta ukun. Babbar bindigar tana da ban sha'awa, amma harsasanta ƙalilan ne a duk wasan.

Tambaya, daga wata mai karatu a Zoo Road: Da na yi minti ashirin sai in ji jiri da tashin zuciya. Tsoro ne ko me?

Amsa: Malama, ba tsoro ba ne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, sashen kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune ake, wannan saɓanin ke kawo jiri, kuma ya fi faruwa a wasannin da ake gani da idon ɗan wasa. Ki shiga saitin wasan ki kashe Camera Wobble, wato rangajin kyamara yayin tafiya, ki rage saurin juyawar kyamara. Idan a kwamfuta kike, ki ƙara faɗin gani zuwa 90. Ki ja baya daga talabijin kamar mita biyu, ki bar ƙaramar fitila a kunne a bayanki. Da kin fara jin zufa mai sanyi ko hamma ki ajiye, kada ki ce sai kin daure, daurewa ƙara shi take yi.

Tambaya, daga wani mai karatu a Ɗorayi: Ina tsakiyar wasa aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na'urar ta daɗe tana wani bincike, kuma na koma baya sosai. Yaya zan kare kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, matsala biyu ce a nan, ta wasa da ta na'ura. A matakin Easy da Normal wasan yana adana kansa a wasu wurare, amma kada ka dogara da hakan. Duk lokacin da ka samo makulli ko ka warware wata dabara, ka koma rikoda ka adana, ba a ƙayyade maka sau nawa ba. Ka riƙa amfani da gurabe uku kana juyawa, don idan ɗaya ya lalace, ko ka adana a lokacin da ba ka da komai a jaka, ka sami na baya. Matakin Madhouse, wanda ke buɗewa bayan an gama wasan, shi kowace adanawa sai ka ba da kaset, kuma kaset ɗin ƙidayayyu ne. Wanda wutarsa ba ta da tabbas kuma ba shi da inbata, ya bar wannan matakin tukuna.

Ta ɓangaren na'ura, haɗarin shi ne wuta ta yanke a daidai lokacin da take rubutu a kan faifan ajiya, shi ya sa take wancan binciken idan ta tashi. Maganinsa ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. PS4 na farko yana jan wajen wat 140 a lokacin wasa, siririn bai kai 100 ba, talabijin mai inci 32 kuma wajen 50. UPS mai 650VA yana ɗaukar kimanin wat 360, don haka zai riƙe su biyun na 'yan mintuna. Ba na ci gaba da wasa ba ne, na ka adana ne ka kashe na'urar yadda ya kamata. Kada ka haɗa fanka ko dutsen guga a kansa. Kuma ka daina barin na'urar a yanayin hutu mai lemun fitila, domin a wannan halin ma tana aiki, ka kashe ta gaba ɗaya.

Idan ta fara nauyi ko tana maƙalewa bayan irin wannan, ka kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, ka haɗa hannu da wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge wasanninka. Wanda ke gogewa shi ne Initialize, kada ka taɓa shi. Sannan ka riƙa kwafe ajiyarka a filash: Settings, Application Saved Data Management, sai ka zaɓi kwafewa zuwa USB. Filash ɗin ya zama FAT32 ko exFAT.

Tun da muna kan na'ura, a lokacin zafin Afrilu da Mayu kada ka cusa ta cikin kabad, ka bar mata kamar taƙi guda ta baya da gefe. Bayan hunturu kuma, idan fankarta ta fara kuka da ƙarfi, ƙura ce ta toshe, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share.

Tambaya, daga wani matashi a Kurna: Ba ni da PS4. Ina da laftof na hannu, Core i5, RAM 4GB. Zai ɗauka? Ko akwai na waya? Na ga wani shafi yana ba da shi na Android.

Amsa: Laftof ɗinka ba zai ɗauka ba. Mafi ƙarancin abin da Capcom ta nema lokacin da wasan ya fito a 2017 shi ne Core i5-4460, RAM 8GB, katin hoto GTX 760 ko R7 260X mai 2GB, da wurin ajiya 24GB. Sunan i5 kaɗai ba ya nuna komai. Yawancin laftof ɗin ofis da ake samu na hannu a Beirut Road da Farm Centre ba su da katin hoto na daban, da Intel HD suke aiki, kuma a kansa wasan ko ya buɗe tsalle-tsalle zai riƙa yi. RAM ana iya ƙarawa, katin hoton laftof kuwa a manne yake. Kafin ka sayi wani, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta dxdiag, ka duba shafin Display a gaban mai shagon. Ka kuma lissafa data: 24GB a gudun megabait ɗaya cikin daƙiƙa ya kusa awa bakwai. Kaset ɗin PS4 ya fi nan sauƙi, da shi ake buga labarin ba tare da intanet ba.

Na waya, a 2024 an fitar da shi a iPhone 15 Pro da iPad masu M1 zuwa sama. Babu na Android. Duk shafin da ya ce ka sauke fayil ɗinsa na Android yaudara ce, ko talla zai cika maka waya ko ya nemi izinin shiga saƙonninka, inda lambobin banki ke shigowa. Idan wayarka mai ƙarfi ce kana son wasan tsoro na gaske a Android, akwai Alien: Isolation, wanda aka kawo waya a ƙarshen 2021, a Play Store ake sayensa.

Tambaya, daga wata uwa a Tarauni: Ɗana mai shekara 12 yana kallon yayansa yana buga wannan wasan da daddare, yanzu ba ya yarda ya fita tsakar gida shi kaɗai. Yayan ya ce wasa ne kawai. Me ke cikinsa?

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. A jikin kwalin akwai lamba 18 idan bugun Turai ne, ko harafin M idan na Amurka ne, duka suna nufin ba na yara ba ne. Tun a awa ta farko ana yanke hannun mutum da zarto mai inji a gaban idon mai wasa, akwai gawarwaki, akwai ashar da Turanci. Kuma mai kallo yakan fi mai bugawa firgita, domin mai riƙe da hannu yana da abin yi, yaron da ke gefe kuwa sai dai ya zuba ido. Abin da ya fi taɓa yara a wannan wasan shi ne mugayen cikinsa uba ne da uwa a cikin gida, ba wani dodo na daji ba.

Ki sa yayan ya daina buga shi inda ƙanin yake, ya sa iyafis, ya rufe ƙofa. A saitin PS4 akwai sashen Parental Controls, inda za a buɗe wa ƙaramin nasa shafin a ƙayyade shekarun wasan da zai iya buɗewa, da lambar sirri da ke kaɗai kika sani. Shi yaron kada a yi masa dariya ko a tura shi duhu don ya saba. A bar masa fitila, a raka shi, a yi addu'ar barci tare da shi, a bar shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Yawanci cikin 'yan kwanaki yake wucewa. Idan ya ɗauki makonni yana hana shi barci ko karatu, ki kai shi a ga likita.

Tambaya, daga wani mai gidan gem a Brigade: In saka shi a shagona kusa da na ƙwallo?

Amsa: Alhaji, ba za mu ba ka shawarar haka ba sai da sharaɗi. Mutum ɗaya ke buga shi, kuma labarin yana cin wajen awa goma, ba kamar ƙwallo ba da mutum biyu za su gama cikin minti goma wasu su hau. Hayaniyar shago tana kashe shi, ga kuma yara da ke tsaye a bayan mai wasa. Idan kana da manyan kwastomomi da suka nema, ka ware talabijin ɗaya da ke kallon bango, da iyafis, ka sa lokacinsa bayan yara sun watse. Ka buɗe wa kowane kwastoma shafinsa a na'urar, PS4 tana ɗaukar har mutum 16, in ba haka ba wani zai adana a kan na wani a yi rigima. Kuɗin kuma ka yanka shi da awa, kuma ka sanar da mai wasa saura minti goma lokacinsa ya cika, don ya samu ya kai ɗakin rikoda.